Askar Baba ta Jarirai

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a garin Gabi, na yi wa mahaifina wani abu da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ƴan gidanmu sun sani, matata ta sani, amma ban taɓa zama na rubuta shi ba sai yau.

Mahaifina wanzami ne a Madarumfa. Gado ya yi, kuma ya riƙe sana'ar hannu biyu. Kullum da safe yakan shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron da ke ƙofar gidanmu, ya ajiye zabirarsa da ƴar tasar ruwa, mutane su yi ta zuwa. Manoma, masu lambu, masuntan da suka fito daga tafki ƙafafunsu duk laka. Wani aski ya kawo shi, wani gyaran fuska, wani kuwa hira ce kawai. Ni ban gaje shi ba. An sa ni lakwal na bi ta can, kuma bai taɓa nuna mini ya ji haushi ba. Tun ranar da na fara koyarwa ya daina kiran sunana, sai dai ya ce "Mushe", yadda ake kiran malaman lakwal da bakin Faransanci, rabi girmamawa rabi tsokana.

A cikin zabirar akwai asake huɗu ko biyar na maƙera, waɗanda yake aske manya da su. Akwai kuma wata guda ɗaya daban, siririya, mai naɗewa, ƙotarta ta ƙaho. Mahaifinsa ne ya bar masa ita. Wannan ba ta hawa kan babba ko waye shi. Ta askin suna ce kawai, kan jariri ɗan kwana bakwai. Kullum tana naɗe cikin wani tsumma mai ɗan maiƙon man gyaɗa saboda tsatsa.

Na tashi ina ganin yadda yake kula da ita. Yana da dutsen washi baƙi, sumul kamar sabulun da ya sha hannu, amma ba ya kai ta wurinsa sai an daɗe, wataƙila sau biyu ko uku a shekara. Yakan ce dutse cin ƙarfe yake yi, duk zuwa sai ya rage mata kwana. In zai wasa ta, sai ya ɗiga ruwa, ya kwantar da ita baki da baya duk su taɓa dutsen, ya tura ta gaba a hankali, ya juya ta ta baya, ya dawo da ita. Ba ya dannawa, ba ya magana. In ka yi masa sallama a lokacin, sai ya kai ƙarshen jan sannan ya amsa. Fata kuwa ta kullum ce. Wani dogon yankin fatar saniya ne da aka kafe a jikin katako, ya yi baƙi ya yi santsi. A kansa baya-baya yake jan askar, bakin yana biye, don kada ya yanki fatar. Ya ce mini fata ba ta cin komai, miƙe bakin kawai take yi in ya ɗan kwanta. Da ya gama sai ya gwada a gashin hannunsa na hagu. Shi ya sa hannun nan, daga wuya zuwa gwiwa, fes yake kamar na yaro.

Na faɗi duk wannan ne don ku san ba zan iya fakewa da rashin sani ba.

A shekarar da nake magana, idanunsa sun fara yana. Yana ganin mutum, yana ganin hanya, amma ƙananan abubuwa sai ya sa yatsa. Aikinsa bai ragu ba ko kaɗan, don da ma hannu ne ke yi.

Wata Asabar na zo gida hutun ƙarshen mako. Akwai wata yarinya a garin Sarkin Yamma da nake nema, kuma a ranar ne zan fara zuwa gaida iyayenta maza. Na kalli madubi na ga wasu ƴan tsirarun gashi a haɓata, waɗanda ba su kai a kira su gemu ba, amma a idona sun zama daji. Reza ta kanti tana fito mini da ƙuraje. Abu mafi sauƙi shi ne in zauna gaban Baba ya gyara ni cikin minti biyar. Kunya ta hana ni. Na san zai tambayi inda za ni, a gaban abokansa, kuma na san ranar sai na zama abin dariyar tabarmar nan.

Da hantsi aka zo aka faɗa masa rasuwa a wani ƙauye kusa, ya tafi jana'iza, ya bar zabira a rataye a ɗakinsa. Na shiga na buɗe. Da na ɗauki ɗaya daga cikin na maƙera ma da sauƙi. Amma ni mai zuwa gidan surukai, sai na zaɓi wadda ta fi kowace kaifi.

Na shiga wurin wanka, na jingina guntun madubi a katanga, na shafa sabulu. Ja na farko ban ma ji ta taɓa ni ba, sai na ga wuri ya yi fes. Ina cikin yaba kaina, na juya hannu don in kama ɗaya kuncin, sai ta suɓuce daga yatsuna masu sabulu ta faɗi a siminti. Ƙarar ba ta da yawa. Na ɗauka na duba, na ga giɓi a tsakiyar bakin, bai kai rabin ƙwayar gero ba.

Na tsaya da rabin fuska a aske, rabi cikin kumfa. Na san dutsen Baba zai iya cire giɓin, amma aikin kwanaki ne, ni kuma ban iya ba. Sai na tuna da abokina mai haɗa ƙofofin ƙarfe kusa da tasha, yana da injin gurza ƙarfe. Na sha yin tunanin cewa da ranar an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kamar yadda aka saba, da na tsira. Amma akwai kuran.

Abokina ya karɓi askar ya juya ta a hannu. Ya ce, "Mushe, wannan ba aikin inji ba ne. Ka kai wa tsoho ka ba shi haƙuri."

Na ce, "Taɓawa ɗaya kawai. Giɓin ai ƙarami ne."

Ya miƙo mini ita. "Ni dai ba da hannuna ba. Ga inji nan."

Na kunna, na kai bakin askar. Tartsatsi ya tashi. Ban fi ƙiftawar ido uku ba na janye. Giɓin ya tafi, amma bakin ya canza launi, ya yi shuɗi-shuɗi da ruwan ƙasa. Abokina ya leƙo ya girgiza kai. Ya ce, "Ka ƙona ta. Ƙarfen da ya yi wannan launin ya saki, ba zai ƙara riƙe kaifi ba."

Ban saurare shi ba. Na nemi takardar gugar ƙarfe mai laushi na yi ta gogewa har launin ya ɓace. Na dawo gida na ja ta a fata yadda na ga ana yi, na naɗe cikin tsummanta, na mayar. Na ƙarasa fuskata da rezar da na raina, na ari moto, wato babur, na tafi Sarkin Yamma. An karɓe ni da kyau. Gaskiya ita ce a hanyar dawowa har waƙa nake yi, na manta da wata aska.

Da la'asar na iso na tarar da Baba a gindin dogon yaro, dutse a gabansa, askar a hannunsa. Ashe washegari akwai suna a gidan amininsa, wani dattijon masunci, an haifa wa babban ɗansa ɗa namiji. Na gaishe shi, sai da ya kai ƙarshen jan ya amsa.

Ya ce, "Askar nan yau ta ƙi ni. Tana zama a dutse wani iri, tsakiyar ba ta taɓawa." Ya ajiye ta, ya buɗe tafin hannunsa na dama ya juya shi. "Ko hannuna ne ya fara karkacewa?"

A nan ya kamata in yi magana. Mu biyu ne kawai, babu kowa a tabarmar. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wataƙila gajiya ce, Baba. Ka sha tafiya yau."

Ya ce, "Wataƙila."

Ya ci gaba da wasawa har aka kira magariba. Daga ƙarshe ya ja ta a fata, ya gwada a hannunsa, ta ɗauke gashi. Ya ce, "To, ta yarda." Na ji wani sanyi a raina. Na ce ashe abokina ne ya cika baki, tsoho ya gyara abinsa.

Washegari bayan an raɗa suna an raba goro, Baba ya shiga cikin gida don yin aski. Na bi shi, don gidan kamar gidanmu ne, a nan na yi rabin ƙuruciyata. Kakar jaririn, matar masuncin, ita ta zauna a tabarma ta riƙe shi a cinya. Mata sun kewaye. Baba ya yi bisimilla, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya tallafe shi da hannun hagu.

Ja na farko lafiya. Na biyu, na uku, lafiya, jaririn ko motsi bai yi ba. A na huɗu askar ta fara ja. Yaron ya zabura ya fashe da kuka. Baba ya ɗaga ta, ya goga a tafin hannunsa, ya sake kaiwa. Ta ciji gashin, ta zame, sai ga siririn layin jini a saman kunne.

Yankan bai yi zurfi ba. Amma jini a kan ɗan kwana bakwai, a tsakiyar mata, ranar suna, ba ƙaramin abu ba ne. Yaron ya yi ta kuka. Kakar ta sa bakin zanenta ta danne wurin. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ban ji alamar mugunta a maganarta ba. Ta ce, "Wanzam, ko dai lokacin hutawa ya yi? Tsufa ai ba laifi ba ne."

Baba ya ce, "Ku yi haƙuri." Ya goge askar, ya naɗe ta. Sauran asaken sun yi wa kan jariri kauri, kuma ko ba haka ba, na ga a fuskarsa ya riga ya daina yarda da hannunsa. Da bakinsa ya ce a je a kira wani matashin wanzami daga wata unguwa ya ƙarasa. Ni ina tsaye jikin rumbu, goro biyu a aljihuna, ban ce komai ba.

Da yamma na koma Gabi. Mahaifiyata ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Mako guda cur yana kan dutsen nan. Askar takan yi kaifi, ta ɗauke gashi kaɗan, sai ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Shekara arba'in yana wasa ta tana yarda, yanzu ta ƙi, shi kuma bai ga abin da ya canza ba sai shi kansa. Ya fara da cewa ya bar askin jarirai. Bayan wata ɗaya ya rataye zabirar gaba ɗaya. Ya ce wanda bai iya riƙe aska daidai a kan dutse ba, bai kamata ya ɗora ta a maƙogwaron mutum ba.

Mutane suka yi ta zuwa yana sallamar su. "Hannun ya tafi," abin da yake ce musu ke nan. Ya je likita a Maradi, aka duba aka ce ba a ga komai a hannun ba. Bai yarda ba. Ya sha jiƙe-jiƙe, Inna tana dafa masa sassaƙe, tana shafa masa man shanu da wani gari a wuyan hannu safe da yamma. In na zo hutu nakan gan shi zaune shi kaɗai ya miƙe hannun a iska yana kallo, yana jiran ya ga rawa. Hannun kuwa ko motsi ba ya yi.

Tabarmar ma ta mutu a hankali. Da babu aski, hira ta koma wani wuri. Mutumin da a da ba ka jin komai a ƙofar gidanmu sai muryarsa da dariyar abokansa, ya koma mai gyangyaɗi da hantsi. Ya rame. Ya tsufa a shekara ɗaya fiye da yadda ya tsufa a goman da suka wuce.

Ni kuma me na yi? Na ƙara yi wa gida hidima. Shayi, sukari, sabuwar riga da salla. Inna tana ta sa mini albarka a gaban mutane, tana cewa Allah ya ba ta ɗa mai tausayin ubansa. Kowace albarka sai in ji kamar an ɗora mini dutse.

Kada ku tambaye ni dalilin shirun, don ba ni da wani mai kyau. A makon farko tsoro ne. Bayan nan sai abin ya ƙara nauyi, don yanzu ba askar kaɗai zan amsa ba, har da jinin yaron da makonnin da na yi ina kallo. Sai na fara lallashin kaina: ai idanunsa da ma sun fara rauni, ai da ma ya isa hutu, wataƙila ma alheri na yi masa. Malamin lakwal ba ya rasa bayanin da zai yi wa kansa. Abokina mai ƙofofi kuwa duk inda muka haɗu, bayan gaisuwa sai ya ce, "Ka faɗa masa?" Bai taɓa tona ni ba, bai kuma taɓa daina tambaya ba. Daga baya na daina bi ta layinsa.

Aka yi aurena da yarinyar Sarkin Yamma. Da shekara ta zagayo Allah ya ba mu ɗa namiji. A lokacin an yi kusan shekara biyu da rataye zabira. Saura kwana huɗu suna, da hantsi, na sami Baba a zaure na ce, "Baba, kai za ka yi wa jikanka aski."

Ya yi ƴar dariya. "Mushe, so kake in yanka maka ɗa?" Sai ya ce, "Ka san abin da nake roƙon Allah gafara a kai? Na san idona ya yi rauni, na ci gaba da aiki. Girman kai ne ya hana ni tsayawa da wuri, har sai da na zubar da jinin ɗan mutane."

Wannan ce ta karya ni. Mutum yana neman gafarar laifin da ni na yi. Na sauka daga kan benci na zauna a ƙasa, na faɗa masa komai. Sabulun, simintin, giɓin, injin, launin da na goge, har da "wataƙila gajiya ce". Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ya dubi hannunsa na dama. Sannan ya ce, "Ɗauko mini zabira."

Na ɗauko, duk ƙura. Ya warware tsumman, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya bi bakin askar da farcen babban yatsa daga gindi zuwa tsini. Ya sake bi. Ya shafa gefenta.

Ya ce, "Inji."

Na ce, "Inji, Baba."

Ya ce, "Shekara biyu ina duba hannuna. Ko sau ɗaya ban kawo wa raina wani ya buɗe zabirar nan ba. Wa zai buɗe? Gidana ne." Ya naɗe askar a hankali. "Da ka kawo mini ita da giɓinta, kwana uku ne a dutse. In yi maka faɗa, in ce wa mutanen su nemi wani wanzamin ranar, shi ke nan."

Ashe Inna tana bayan ƙofa ta ji komai. Ta shigo, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ni da nake shafa masa magani safe da yamma, kana zaune kana kallo." Ta juya ta koma ciki. Sai da aka yi kwanaki kafin ta ƙara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya.

Baba ya ce, "Tashi ka je bakin tafki, ka faɗa wa masuncin nan, kakan yaron, da bakinka. Yanzu."

Na tarar da dattijon a inuwa kusa da kwalekwalensa yana ɗinkin raga. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, Baba ne ya aiko ni da wata magana." Na maimaita labarin. Bai daina ɗinki ba har na gama. Sannan ya ajiye ragar a gwiwa.

Ya ce, "Kan yaron kwana uku ya warke, ko tabo babu. Ga shi can yana gudu a gida." Ya kalli ruwa. "Amma tsohuwata, kakar yaron, ta rasu bara, ka sani. Har ta kwanta ciwo tana cewa bakinta ne ya zaunar da Wanzam. Sau biyu tana aika ni in ba shi haƙuri. Ni ka faɗa mini, na ji. Ita wa zai je ya faɗa mata?"

Ya ɗauki ragarsa ya ce, "Allah ya yafe mana. Ka gaida shi, ka ce ina nan zuwa."

Na yi zaton tunda gaskiya ta fito, Baba zai yi wa ɗana aski da wata askar. Ya ƙi. Ya ce hannu ya yi shekara biyu a zaune, ba zai fara gwada shi a kan jariri ba. Ranar suna aka kira matashin wanzamin nan. Kafin ya fara, Baba ya miƙa hannu ya ce, "Mu ga askarka." Ya taɓa bakin, ya sa aka ɗauko masa katakon fatarsa, ya ja ta kamar sau ashirin, baya-baya, ya miƙa masa. Matashin ya gwada a hannunsa, ya ɗago ya kalli Baba, ya ce, "Baba, ai ni sai in riƙa kawo maka asakena." Baba ya koma gefe ya zauna, yana sauraren tafiyar askar a kan jikansa har aka gama.

Makonni suka wuce tsakanina da shi sai gaisuwa. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wurin kowa ba. Na gwammace da ya zaga.

Wata Juma'a da safe, lokacin babban hutu, na fito na ga tabarma a gindin dogon yaro, da tasar ruwa, da zabira an goge ta. Ya wasa ɗaya daga cikin asaken maƙera. Ya ce, "Mushe, zauna. Cire hular."

Na zauna. Ya jiƙa mini kai. Ya ce, "In na yanke ka, kai ka jawo."

Shi ne kai na farko da ya taɓa bayan shekara biyu. Na ji yatsunsa suna laluben ƙeyata, suna miƙe fata, askar tana bi. Da farko a hankali, yana tsayawa yana shafawa, daga baya sai hannun ya saki ya kama tafiyarsa ta da. Bai yanke ni ba ko ɗis. Da ya gama ya zuba ruwa a tafinsa ya shafe mini kan, ya bar hannun a nan ɗan lokaci.

Ya ce, "Askar na yafe tun ranar da ka faɗa, ƙarfe ce. Shirun ne nake ta fama da shi. Ka ba ni lokaci."

Na ce, "To, Baba."

Ya koma aiki. Amininsa masunci ne ya fara zuwa, sai wasu tsofaffin abokan. Da yawa ba su dawo ba, sun saba da masu injin aski na bakin kasuwa. Jarirai kuwa bai ƙara taɓawa ba har abada. Askar tasu ta mutu, na nemo masa wata daga Maradi, ya taɓa ta ya ce tana da kyau, ya ajiye. Ya yi shekara uku yana aske tsofaffinsa kafin yanar ta rufe idon sosai ya bari, wannan karon don kansa. Bayan nan da kaɗan ya rasu.

Ya ce mini ya yafe. Ba a gadon ciwo ba ne, wata rana ce kawai muna ɓarar gyaɗa a zaure, ya faɗa a tsakiyar wata hira ya wuce, kamar wanda ya tuna da saƙo. Na yarda ya yafe ɗin, don shi ba ya faɗin abin da bai kai zuciyarsa ba.

Amma lissafin da ke damuna daban ne. Daga ranar da askar ta faɗi, shekara biyar ta aiki ta rage masa a duniya. Biyu daga ciki ni na zaunar da shi, lafiyarsa lau, yana zargin hannun da bai yi masa komai ba. Yar da askar tsautsayi ne, kai ta inji wauta ce ta saurayi mai sauri, duka biyun na iya yi wa kaina uzuri. Abin da ban sami uzurinsa ba shi ne yadda na iya zama kusa da shi, in ci tuwo a kwano ɗaya da shi, alhali maganin abin da ke cinsa yana bakina.

Yanzu ni ma furfura ta fara. Wani lokaci a aji kalma takan ɓace mini, ko in rubuta lissafi a allo in ga na yi kuskuren da a da ba na yi, sai in ji gabana ya faɗi, in ce ko an fara ke nan. Minti ɗaya ne, ya wuce. A wannan mintin nake ɗan ɗanɗana abin da ya kwana da shi ya tashi da shi shekara biyu, kuma shi ba wanda ya zo ya ce masa ba kai ba ne.

In akwai wanda ke zargin kansa a kan abin da kai ka san gaskiyarsa, ka je yau. Ni na je, amma na makara, kuma akwai wadda ban tarar ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan tsohuwar nan, ya haskaka makwancinsu.